Yadda Ake Tayar da Tsohon Akwatin Gem Mai Kujera da Sitiyari

A bayan wani shago a Sabon Gari na fara ganinsa, an jingina masa tsofaffin katifu biyu da mataccen firji. Dogon akwati ne mai kujera, da sitiyari, da giya a gefe, da totur da birki na ƙarfe a ƙasa. Ƙura ta rufe gilashinsa har ana iya rubutu da yatsa a kai. Na ce da mai shagon, "Baba, wannan fa na sayarwa ne?" Ya ce, "Ɗana, 'yan gwangwan sun taya har sau uku, na hana. Su ƙarfe kawai suke gani. In dai za ka tashe shi, ɗauka." Na share kujerar da hannun riga na zauna, na kama sitiyarin na murɗa. Nauyinsa yana nan daram, bai yi lako-lako ba. A nan take na yanke shawara.

Kamfanonin Japan da Amurka ne suka ƙera irin waɗannan akwatuna don gidajen wasa. Sega ta fitar da OutRun a 1986 da Daytona USA a 1994, Namco kuma ta fitar da Ridge Racer a 1993. An yi su ne don su sha hannun jama'a daga safe har dare, shi ya sa gangar jikinsu, da sitiyarin, da ƙarafan ƙafa ke kai shekara talatin ba su gaji ba. Abin da ke mutuwa shi ne na ciki: fanel ɗin gem, wato allon lantarkin da gem ɗin ke ciki, da taransifoma, da talabijin mai ƙeya. Aikinmu shi ne mu bar jikin yadda yake, mu sa masa kwamfuta ta zamani da sikirin da zafin Kano da wutarmu ba za su kashe ba. Ƙa'ida ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko har ƙarshe: duk abin da za ka yi, ka yi shi yadda za a iya mayarwa. Wayar da za a iya zare filoginta, kada ka yanke ta. Abin da ka cire, ka adana shi.

Kafin ka biya kuɗi, kafin ka ɗauka

Zagaya ka duba ƙasan akwatin da fitila. Yawancinsu katakon matsi ne, wanda idan ruwan damina ya taɓa shi sai ya kumbura ya riƙa marmashewa. Sa sukudireba ka danna kusurwoyin ƙasa. In ya nutse, ko ka ga hanyar gara, to akwai aikin kafinta a gabanka, sai ka rage a ciniki. Murɗa sitiyarin har ƙarshe ta kowane gefe, taka totur da birki ka ji ko suna dawowa da kansu, ka ja kujerar gaba da baya. Waɗannan su ne kake saye. Fanel da talabijin ko sun mutu ba asara ba ce.

Auna faɗin ƙofar ɗakin da za ka ajiye shi tun kafin ka kira mota. Da yawa daga cikinsu suna rabuwa biyu, ɓangaren kujera da ɓangaren sikirin, akwai notuna a ƙasa da filogin wayoyi a tsakani. Zare filogin kafin a ja. Nemi a-kori-kura da ƙarti huɗu, a ɗaure shi a tsaye, kada a kwantar da shi matuƙar talabijin yana ciki.

Kada ka jona shi da wuta

Wannan ne inda aka fi yin ɓarna. Ranar da na je ɗauka, na tarar yaron shago ya riga ya jona shi don ya nuna mini yana kamawa. Warin ƙonewa ne ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Akwatin da aka yi don Japan bolt 100 yake ci, na Amurka 110 zuwa 120, wutarmu kuwa 230 ce. Akwai ƙaramin ƙarfe a bayan akwatin da aka rubuta wutar da yake sha, karanta shi. Ko ya ce 220 ko 240, jira tukuna, domin ba ka san abin da ɓeraye suka yi wa wayoyin ba a shekarun da ya yi a ajiye.

Buɗe ƙofar baya ka ɗauki hoto da wayarka ta kowace kusurwa, kusa da nesa. Sayi salatif na takarda da biro, kowane filogi ka liƙa masa lamba a ɓangarorinsa biyu kafin ka raba su. Za ka ga kamar ɓata lokaci ne, amma bayan mako uku idan ka tsaya gaban wayoyi arba'in masu kama da juna, wannan salatif ɗin ne zai fitar da kai. Daga nan ka fitar da akwatin tsakar gida, ka rufe hancinka, ka busa shi da bulowa, ka bi da buroshin fenti busasshe.

Tsohon fanel ɗin gem ka cire shi a hankali ka riƙe shi ta gefe. In lokacin hunturu ne, fara taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin ka kai hannu gare shi, domin busasshiyar iska tana sa jiki ya tara irin wutar nan da kake jin tas idan ka taɓa mota, ita kuwa tana kashe ƙananan kayan fanel. Kada ka naɗe shi a leda, sa shi a kwali. Idan akwai tsohon batir a jikinsa da ya fara tsatsa, a cire shi, ruwansa yana cinye layukan tagulla. Masu tara irin waɗannan kaya suna neman fanel ko matacce ne, kai ma wata rana za ka iya so ka gyara shi.

Talabijin mai ƙeya: hatsari da shawara

Kwalbar talabijin tana aiki da wuta mai kaiwa bolt dubu 25 ko fiye, kuma tana iya riƙe ta bayan an kashe. Wurin shi ne ƙarƙashin robar nan mai kama da murfin kofi da ke manne a jikin kwalbar, wadda jar waya mai kauri ke shiga cikinta. Idan ba ka taɓa wannan aiki ba, ɗauko tsohon mai gyaran talabijin, irin dattawan da suka yi zamanin masu ƙeya, har yanzu ana samunsu a unguwanni. Abin da za ka ga ya yi shi ne: ya zare filogi daga bango, ya ɗaura waya a ƙarfen sukudireba mai mariƙin roba, ya maƙala ɗaya bakin wayar a firam ɗin ƙarfen talabijin, ya sa hannu ɗaya a baya, ya zura bakin sukudireban ƙarƙashin robar har ya taɓa ƙarfen ciki. Wani lokaci a ji ƙara, wani lokaci shiru. Zai jira 'yan mintuna ya sake. Manyan kafasitocin da ke kan fanel ɗin talabijin su ma suna riƙe wuta. Wajen fitarwa kuma mutum biyu ne, kuma ba a kama ta ta wuya, wuyan siriri ne, in ya karye kwalbar ta tashi daga aiki, gilashi kuma na iya fantsama.

Shin a bar ta ko a canja? Hoton tsofaffin gem ya fi kyau a kan kwalba, wannan gaskiya ne. Amma talabijin na waɗannan akwatuna ba ya karɓar hoton kwamfuta kai tsaye. Saurin zana layukan hotonsu ne ya bambanta: wasu kilohaz 15 suke gudu, na Daytona USA da 'yan'uwansa 24, kwamfuta kuwa daga 31 take farawa. Ka tura masa abin da ya fi ƙarfinsa, sai ka ƙona fanel ɗinsa. Ana iya daidaitawa da katin hoto na musamman da manhaja, amma kayan gyaransa sun yi wuya, yana jan wuta, yana ƙara zafi a cikin akwati. Ni shawarata a Kano ita ce a sa filasma, wato sikirin na zamani marar ƙeya.

Sai ka auna da kyau, domin siffarsu ba ɗaya ba ce. Kwalba mai inci 29 faɗinta kusan santimita 59 ne, tsayinta 44. Sikirin na zamani mai inci 27 faɗinsa kusan 60, tsayinsa bai kai 34 ba, zai shiga cikin sauƙi amma zai bar fili sama da ƙasa. Mai inci 32 faɗinsa kusan 71, tsayi 40, ya fi cika ido idan cikin akwatin zai ɗauke shi. Auna daga bango zuwa bango ta ciki, ka tafi kasuwa da tef ɗinka. Abu biyu za ka gwada a gaban mai shago. Na farko, a kunna sikirin, a zare filoginsa, a mayar: ya kama da kansa ko sai an danna rimot? Wanda ke jiran rimot zai wahalar da kai, tunda a rufe zai zauna bayan gilashi. Na biyu, in talabijin ne, duba ko yana da yanayin wasa a cikin saitinsa. Ba tare da shi ba hoto yana yin jinkiri, ka juya sitiyari mota ta biyo baya. Sikirin na kwamfuta ya fi aminci ta wannan fuska.

Mai walda zai yi maka ƙarfe biyu a kwance da za su hau ramukan notin da tsohuwar kwalbar ta bari, da faranti a tsakiya mai ramuka daidai da na bayan sikirin, waɗanda a yawancin na kwamfuta milimita 100 ne tsakaninsu. Zauna a kujera a riƙe maka shi kafin a ƙulle, tsakiyarsa ta zo daidai idonka. Filin da ya rage a rufe shi da siririn filawud da aka yi wa baƙin fenti marar ƙyalli.

Sitiyari: a nan aikin yake

Duk sauran shawarwari daga nan suke fitowa, don haka kada ka sayi kwamfuta ko wani abu sai ka gama da wannan. Kada kuma a ruɗe ka da ƙananan fanel ɗin nan masu gem dubu-dubu a ciki. An yi su ne don akwatunan sanda da maɓallai masu mahaɗar JAMMA mai haƙora 56. Akwatin tuƙi wayoyinsa daban ne, sitiyari kuma ba kunnawa da kashewa yake yi ba, awo yake bayarwa.

Cire murfin gaban sitiyarin ka leƙa bayansa. A yawancin akwatunan da sitiyarinsu ke tsayawa bayan juyin digiri 270, za ka ga faifai mai haƙora a jikin sandar, yana juya wani ƙaramin abu mai ƙafa uku. Shi ne abin da masu gyaran rediyo ke kira boliyum. Irinsa ne a totur, irinsa ne a birki. Idan kuwa sitiyarin yana juyawa ba iyaka, to ba boliyum ba ne, faifai ne mai ramuka da haske ke ƙirgawa, kwamfuta tana karanta shi ne kamar linzaminta, wato maus, hanyarsa daban.

Ɗauki mitar awo ta masu gyaran lantarki ka sa ta a awon om. Tsakanin ƙafafu biyu na gefe za ka ga kusan dubu 5 a akwatunan Sega. Mayar da baki ɗaya zuwa ƙafar tsakiya, ka juya sitiyarin a hankali kana kallon lambar. Ya kamata ta hau sumul ta sauka sumul. In tana tsalle ko tana ɓacewa a wani wuri, musamman a tsakiya inda ya fi shan gurza, boliyum ɗin ya cinye, sai sabo. A nan ka kula: idan ka ce wa mai shago a Sabon Gari ya ba ka boliyum, na rediyo zai miƙo maka, wanda yawanci harafin A ne a jikinsa, shi kuwa awonsa ba ya tafiya daidai, rabin juyi kaɗan rabin juyi da yawa. Nemi mai harafin B, wato B5K. Je da tsohon a aljihu don a gwada tsawon sandarsa da kaurinta. Sayi uku ko huɗu.

Wajen ɗaurawa, tsayar da sitiyarin a tsakiya cif, ka juya boliyum ɗin da hannu har mita ta nuna kusan 2,500 daga ƙafar tsakiya zuwa kowane gefe, sannan ka haɗa haƙoran ka ƙulle. Juya a hankali zuwa ƙarshen dama da hagu, ka tabbata sitiyarin ne ke fara tsayawa, ba boliyum ɗin ba. In ka kuskure wannan, yaro na farko da ya murɗa da ƙarfi zai fasa shi.

Daga nan hanya biyu ce.

Hanya ta farko, ka bar sitiyarin asali ka koya wa kwamfuta jin maganarsa. Abin da ake amfani da shi ƙaramin fanel ne, Arduino Leonardo ko Pro Micro. Waɗannan biyun kwamfuta tana iya ganinsu kai tsaye a matsayin abin buga gem ta USB. Uno, wanda aka fi samu a kasuwa, ba ya yin haka cikin sauƙi, kada ka karɓe shi a madadinsu. Haɗin ba wuya, sunayen ƙafafun a rubuce suke a jikin fanel ɗin: ƙafar gefe ɗaya ta boliyum zuwa bolt 5, ɗaya gefen zuwa GND, wato negatif, ta tsakiya zuwa A0. Totur zuwa A1, birki zuwa A2. Kowane maɓalli, waya ɗaya zuwa ƙafar lamba, ɗaya zuwa GND. Akwai manhajar da ake kira Joystick Library da ake saukewa kyauta, da misalai a cikinta, ɗalibin kimiyyar kwamfuta ko na lantarki zai ɗora maka ita a zama ɗaya in kai ba ka saba ba. Fanel ɗin yana karanta juyin daga 0 zuwa 1023. A Windows ka rubuta joy.cpl, za ka ga alama tana motsi yayin da kake juya sitiyarin. In ta tafi hagu kana juyawa dama, musanya wayoyin gefe biyun. In tana rawa alhali ba ka taɓa komai ba, wayarka ta yi tsawo ko ta bi kusa da wayar wuta. Gajarta ta, ka yi amfani da waya mai rigar ƙarfe irin ta makirufo, ka liƙa ƙaramin kafasita mai lamba 104 tsakanin ƙafar tsakiya da GND.

Giya tana son haƙuri. A wasu akwatunan ba kowace giya ke da makunninta ba, haɗuwar makunnai biyu ko uku ce ke nuna ta ɗaya ko ta huɗu. Zauna da mita da takarda, ka sa kowace giya ka rubuta waɗanda suka rufe, sannan a shigar da wannan jadawali cikin manhajar. Ƙwayayen fitilar cikin maɓallai kuma ka canja su da LED na bolt 12, ka ba su wutarsu daban, kada ka ɗora wa Arduino.

Matsalar wannan hanya ita ce turjiya. Akwatuna irin su Daytona suna da mota ta lantarki a bayan sitiyari, ita ce ke fizgar hannunka idan ka bugi bango, ita ce kuma ke mayar da shi tsakiya. Tsohon fanel ne ke ba ta umarni, da ka cire shi sitiyarin zai zauna duk inda ka sake shi. Ana iya tayar da motar da ƙarin fanel da manhaja, amma aiki ne na biyu, ka bari sai komai ya tsaya da ƙafarsa. Kafin nan, mai walda ya sa maka sifirin biyu masu ƙarfi ɗaya, hagu da dama, a maƙale da noti ba da walda ba, su riƙa dawo da shi tsakiya.

Hanya ta biyu, ka sauke injin sitiyarin asali gaba ɗaya ka ajiye, ka dasa na zamani, kamar Logitech G29 da ya fito a 2015. Yana da turjiyarsa, yana juya digiri 900, yana aiki da kwamfuta da PlayStation. A yi masa teburin ƙarfe a bayan dashbod, sandarsa ta fito ta ramin asali. A cikin manhajarsa ka rage juyin zuwa 270 don tsofaffin gem, in ba haka ba za ka yi ta murɗawa mota ba ta shan kwana. Ka sani kuma, a PlayStation dole totur da birki su bi ta jikin sitiyarin, wato nasa za ka kwance daga robarsu ka ɗaure a ƙasan akwatin. A kwamfuta kuwa kana iya barin totur da birkin asali a kan Arduino, sitiyari a kan nasa USB, su yi aiki tare.

Wanne ya fi? In a gida za ka ajiye, kai da 'ya'yanka da abokai, ta biyu ta fi daɗin hannu. In gidan gem za ka buɗe, inda samari za su yi ta kokawa da shi har dare, riƙe na asali. Haƙoran cikin Logitech na roba ne, don falo aka yi shi. Na asali kuwa ƙarfe ne, abin da ya fi lalacewa a jikinsa boliyum ne, shi ma kana da uku a aljihun tebur.

Kwamfutar

Ba ka buƙatar sabuwa. Tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu, Dell ko HP, mai Core i5 da RAM giga 8, irin waɗanda ake samu a titin Beirut, ta isa. Sa mata SSD, wato ma'ajiyar bayanai marar juyawa, domin faifai mai juyawa ba ya son jijjiga da ɗaukewar wuta. Ƙara mata katin hoto kamar GTX 1050 Ti, wanda wat 75 kawai yake ja, yawancinsu ba sa neman ƙarin waya. In siririyar kwamfuta ce, gajeren kati za ka nema. Leƙa bayanta: wasu tsofaffin da suka zo daga Amurka suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230, tabbatar yana kan 230 kafin ta ga wuta.

Canja mata ƙaramin batirin nan mai kama da kwandala, CR2032, sannan ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga lokacin kunna ta, ka saita ta ta kama da kanta duk lokacin da wuta ta iso. In batirin ya mutu, saitin gogewa yake yi. Sa Windows ta shiga ba tare da neman lambar sirri ba, ta buɗe jerin gem kai tsaye. Tsofaffin gem manhajar kwaikwayo ce ke tafiyar da su: MAME ga mafi yawa, Model 2 Emulator ga zamanin Daytona, Supermodel ga waɗanda suka biyo baya. Na zamani kuma akwai Assetto Corsa da Euro Truck Simulator 2, wanda na ga direbobin gaske suna zama a kansa sa'a guda. Gem ɗin da ake sayarwa ka saye shi, haƙƙin masu shi ne, musamman tunda kuɗi za ka karɓa da shi. Ja waya biyu daga maɓallin kunna kwamfutar zuwa wani maɓalli a cikin ƙofar kwandala, don a riƙa kashe ta yadda ya kamata idan an kira salla ko an tashi.

Sauti ba ya cin lokaci. Gwada tsofaffin sifikun, in takardarsu ba ta yage ba ka bar su. Ƙaramin amfilifaya mai TPA3116, da ke aiki da bolt 12 zuwa 24, ya ishe su. In ka ji gurnani a ƙarƙashin sauti, ba shi adaftarsa daban, ka nisanta wayar sauti daga ta wuta.

Wuta, zafi da ƙura

Sauke tsohuwar taransifoma da duk wayoyin wutar da suka bushe. Wuta ta shigo ta ƙofa ɗaya: filogi mai ƙafa uku, fis, makunni, sannan soket mai kyau da aka ɗaure da noti a bangon ciki. Kada ka sa soket ɗin nan marar nauyi mai siririyar waya, a rufaffen akwatin katako gobara ce. Haɗa wat ɗin da aka rubuta a jikin kowane kaya, irin haɗin da na kwatanta bai cika wuce 350 ba, ka sayi sitabilaiza da ta ninka haka, mai jinkirta sakin wuta idan an kawo. Bayanta ka sa UPS, ko da wanda zai ba ka minti biyar ne na kashe kwamfuta.

Maganar da ba na sassauci a kanta ita ce wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Wanda ke cikin wannan akwati hannunsa na kan ƙarfe, ƙafarsa na kan ƙarfe, sau da yawa yaro ne da ya cire silifa, jikinsa da gumi. Sandar sitiyari, totur, birki, layin kujera, ƙofar kwandala, firam ɗin sikirin, kowanne a ɗaure masa wannan waya da noti, a kankare fenti a wurin. Gwada da mita daga doguwar ƙafar filogi zuwa kowane ƙarfe, ta nuna kusan sifili. Gidaje da shaguna da yawa soket ɗinsu ramin ƙasan ado ne kawai, babu waya a bayansa. Kira mai wayarin ya duba, in babu ya kafa sandar tagulla a ƙasa ya ja waya.

A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffen akwati kuwa ya fi haka. Sa fanka biyu masu milimita 120 a ƙasan ƙofar baya suna shigar da iska, ɗaya a sama tana fitarwa. Masu shigarwa su fi yawa, don iska ta riƙa fita ta ƙananan ramuka maimakon ƙura ta shiga ta nan. A bakin masu shigarwa ka sa siririn soso tsakanin raga biyu, yadda za ka zare ka wanke. A hunturu duk mako, sauran lokaci duk wata. Duk wani rami da ɓera zai bi a rufe shi da ragar ƙarfe. Kwamfutar kuma kada ta zauna a ƙasan akwatin, yi mata kanta ka ɗaure ta, akwatin kansa ka ɗaga shi kan ƙafafunsa na ƙarfe ko kan katako saboda ruwan damina da na shara.

Ƙofar kwandala, kujera da gwaji

Tunda ba a ciniki da kwandala yanzu, ka bar ƙofar don kyanta, ka ja wayar makunninta zuwa maɓalli a teburin mai karɓar kuɗi, in an biya ya danna. Wanda ke son jin ƙarar faɗawar ƙarfe yana iya sayen na'urar karɓar kwandala ta zamani, wadda ake koya wa gane kwandalar gem ta musamman.

Layin kujera a wanke shi da kananzir a shafa giris. In kujerar mai soso ce, masu ɗinkin kujerun mota za su sabunta ta. Zanen jikin akwatin kuwa ruwan sabulu da tsumma mai laushi kawai, ban da fetur, ban da tina, kuma don Allah kada a bi shi da fenti. Inda katako ya ruɓe a ƙasa, kafinta ya yanke wurin kaɗai ya yi ƙari da filawud mai kauri, za ka samu a 'Yan Katako ta Na'ibawa.

Sai saiti. Kowace manhajar kwaikwayo a nuna mata sitiyari, totur, birki da giya. Tsofaffin gem kuma suna da shafin gwajinsu na ciki inda ake nuna musu tsakiya da ƙarshen juyi, shiga ka yi wa kowanne. In mota tana jan gefe a miƙaƙƙen titi, tsakiya ce ba ta zauna ba. In tana tafiya ba ka taka ba, ƙara ɗan fili a farkon totur.

Gwajin ƙarshe da rana tsaka ake yinsa. Rufe ƙofar baya, kunna gem mafi nauyi, bar shi sa'a uku daga azahar zuwa la'asar. Buɗe ka taɓa filogi, da soket, da adaftoci, duk wanda ya yi zafin da hannu ba zai zauna a kai ba a canja shi. Sannan ka kashe wutar daga bango gem yana tsakiyar tafiya, ka ga UPS ya riƙe. Kashe komai, ka mayar da wuta ba tare da ka taɓa ko maɓalli ɗaya ba: sikirin ya kama, kwamfuta ta tashi, jerin gem ya bayyana, sitiyari ya amsa. In ɗaya ya tsaya jiranka, koma kansa.

Idan duk sun wuce, zana haɗin wayoyin a takarda da biro, wace waya ta tafi wace ƙafa, wane launi, fis mai lamba nawa. Sa takardar a leda ka manna ta a cikin ƙofar baya. Kusa da ita ka rataye ƙaramar jaka mai boliyum biyu, fis uku, makunni biyu, batirin CR2032 da filashi mai kwafin saitinka da manhajar Arduino. Kwalin tsohon fanel kuma ka rubuta masa sunan akwatin da ranar da ka cire shi, ka ɗora shi a saman kwaba inda ruwa ba ya kaiwa.